Ku Zo Min Da Wayar: Yadda Nake Duba Ciwon Babban Yatsa

Sana'ata gashin ƙashi ce, abin da a asibiti ake kira fisiyo. Ina da ɗan wuri a Kano, ni ina duba mata, abokin aikina yana duba maza, sai yarinya guda mai yankar kati. Masu shanyewar ɓarin jiki, da masu ciwon baya, da waɗanda aka cire wa filasta bayan karaya, su ne har gobe suka fi yawa a wurinmu. To amma a 'yan shekarun nan wasu baƙi sun ƙaru: matasa majiya ƙarfi, lafiyarsu ƙalau, babban yatsa ne kawai ya hana su sakat. Masu POS, waɗanda suka yawaita tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, masu sayar da data, matan da ke tallan atamfa da turaren wuta a WhatsApp, da yaran shagon Kantin Kwari da aka bar wa amsa saƙonnin masu saye.

Kusan duk wuri ɗaya suke nunawa, gefen wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa. "Likita, nan ne yake min zugi." Mace za ta ce ta kasa matse wanki, ko ɗaga jariri ya zame mata aiki. Namiji zai ce ko buta ya ɗauka sai ya ji har ransa. Yawancinsu kuma sun riga sun yanke wa kansu hukunci, wai sanyi ne, ko targaɗe.

Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne. Akwai jijiyoyi biyu da ke fitowa daga naman dantse, su bi ta wata 'yar siririyar hanya a gefen wuyan hannu, su kama babban yatsa. Su ne ke ɗaga shi, su ware shi daga sauran yatsu. Yadda zariya ke zirga-zirga cikin ƙubakar wando, haka suke yi a cikin hanyar nan. Idan gogayya ta yi yawa, hanyar sai ta yi kauri ta matse, kowane motsi ya zama ciwo. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, shi ya bayyana ciwon a 1895, kuma da sunansa ake kiransa. Kun ga ke nan ya girmi waya nesa ba kusa ba. Masu jego sun daɗe suna fama da shi, haka teloli masu riƙe almakashi. Abin da waya ta yi shi ne ta kai shi hannun kowa. IPhone ta farko da ta fito a 2007 fuskarta inci 3.5 ce. Wayoyin da ke hannunmu yau galibinsu sun haura inci 6, ga nauyi, amma yatsan da ake so ya kai kowane lungu na fuskar bai ƙara tsawo ba. A 2014 mujallar likitoci ta The Lancet ta kawo labarin wata likita a Sifaniya, mai juna biyu, da ta shafe aƙalla awa 6 tana amsa saƙonnin barka da Kirsimeti a WhatsApp, washegari ta tashi da ciwon wuyan hannu duka biyu.

Gwajin da nake fara yi mai sauƙi ne. Mutum ya lanƙwasa babban yatsa cikin tafin hannu, ya rufe shi da sauran yatsun, sannan a hankali ya karkata hannun zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Mai lafiya ma zai ji ɗan ja, shi ya sa nake gwada hannu biyu in kwatanta. Mai ciwon nan kuwa zabura yake yi. Duk da haka ba na tsayawa a nan, domin ba kowane ciwon yatsa ne wannan ba. Idan yatsan yana maƙalewa sai an ja shi ya saki da ƙas, wata matsala ce daban, kuma ta fi samun masu ciwon suga. Idan sagewa ce da ke tada mutum cikin dare, a babban yatsa da biyun da ke biye da shi, to jijiyar ji ce aka danne a tsakiyar wuyan hannu. Dattijuwa kuma da gindin yatsanta ya yi tauri, sai in fara tunanin amosanin gaɓa.

Daga nan sai in ce a miƙo wayar. Wannan ita ce dokar wurinmu, duk mai ciwon yatsa ya shigo da wayarsa, ya rubuta saƙo a gabana yadda ya saba. Abin da nake gani bai cika canzawa ba: hannu ɗaya ya tallafi wayar, ƙaramin yatsa ya tokare ta daga ƙasa, wuyan hannu ya karkace, babban yatsa shi kaɗai yana ta sintiri sama da ƙasa. Wasu kuma da daddare a kwance suke yi, wayar a sama da fuska, har bacci ya ɗauke su.

Ba na ce wa kowa ya daina taɓa waya. Wadda ke ciyar da 'ya'yanta da cinikin WhatsApp, idan na ce mata haka, za ta ce "to likita", ta fita ta ci gaba, kuma ba za ta dawo ba. Wayar ita ce shagonta. Don haka zama nake mu raba aikin. Ta riƙe da hannu ɗaya ta latsa da manuniyar ɗayan, ko ta ajiye a kan tebur ta jingina ta da wani abu. Dogon bayani ya tafi ta saƙon murya. Lambar asusu, da farashi, da kwatancen gida, abubuwan da take rubutawa safe da yamma, ta adana su cikin shiryayyun amsoshi na WhatsApp Business, latsawa ɗaya sun tafi. Da ta sallami mai saye ta ajiye wayar, ta buɗe tafin hannu ta rufe, kafin ta ɗauki na gaba. Mai POS ma haka, na'urar ta zauna a kan tebur, ba a tafin hannu ba.

Idan ciwon ya riga ya kama, hutu ne jigon magani. Muna sa maɗauri mai ɗan ƙarfe a ciki wanda ke riƙe babban yatsa da wuyan hannu tare, yawanci mako 4 zuwa 6. A lura, na kasuwa da ke naɗe wuyan hannu kaɗai ya bar yatsa yana yawo ba ya yin aikin. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 10 zuwa 15, tana rage raɗaɗi. Sai zugin ya lafa muke fara motsa jiki: taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, sannan a sa robar ɗaure kuɗi a zagaye yatsun a riƙa buɗewa a hankali. Wanda ya fara wannan ciwo na kan ganiyarsa ƙara wa kansa yake.

Abu biyu ke ɓata min rai. Na farko, ja. Masu ɗori suna da gwanintarsu, amma a nan ba abin da ya goce, kuma duk hannun da aka ja aka murza da man zafi sai ya zo mana a kumbure. Na biyu, shan maganin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen kullum ba tare da likita ya sani ba. Suna ɓoye ciwon a ci gaba da latse-latse, ga illa ga ciki da ƙoda, ballantana mai gyambon ciki ko mai juna biyu.

Ta fuskar ciniki, ciwon nan ba mai kawo kuɗi ba ne. Mutanenmu suna so su ga na'ura. Idan ba a kunna fitila mai ɗumi ko na'urar girgiza ba, sai mutum ya ga kamar kuɗin katinsa ya tafi a banza. Wata hajiya ta taɓa ce min, "'Yata, yanzu shi ke nan, magana kawai?" Na ce mata, "Hajiya, maganar ce maganin, in kin riƙe ta." Zan iya jera wa mutum zuwa goma in riƙa karɓar kuɗi, amma wanda ya zo da wuri, ya sa maɗaurin, ya gyara riƙo, zuwa kaɗan ya ishe shi, kuma shi ne zai turo mana mahaifinsa ranar da bayan tsohon ya riƙe. Wanda makonni suka wuce bai ji sauƙi ba, takarda nake rubuta masa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. A can akan yi allura a daidai wurin, tana kuma yi wa mutane da yawa aiki. In ta gagara, akwai ƙaramar tiyata da ake buɗe hanyar jijiyoyin.

Masu shago kuma da ke kawo mana yaransu, roƙona gare su a riƙa karɓa-karɓa wajen amsa saƙo, kada a bar wa yaro ɗaya daga safe har dare, musamman gab da salla da ciniki ke zafi. Wanda ke da kwamfuta a shago ya haɗa WhatsApp ɗin da ita, a riƙa rubutu da yatsu goma.