Yadda na ɓoye kaina a Usenet, da inda na kwafsa

Abun da ya kai ni Usenet wata ɓaraka ce da na gano a sabar wajen aikinmu, irin wadda duk wanda ya san hanya zai shige ciki abinsa, ni kuma ina so in tambayi masana amma bana so a gane wane kamfani ne, don in aka gane kamar na nuna wa ɓarawo ƙofar gida ne. Wani abokina ya ce in gwada zaurukan Usenet, wani tsohon tsarin tattaunawa ta rubutu a intanet, wai tsofaffin hannu na nan har yanzu. Abun ya girmi yanar gizon da muka sani, wasu ɗalibai biyu ne a Jami'ar Duke ta Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ƙirƙiro shi a 1979. Tun Fabrairun 2024 Google Groups ya daina karɓar sababbin saƙonninsa, don haka sai na nemi saba na haɗa ta da Thunderbird, manhajar imel da ke iya karanta zaurukan.

Da farko na ɗauka in dai na bar ƙofa mai lamba 119 inda komai ke tafiya tsirara na koma 563 mai ɓoye saƙo shikenan na tsira. Allah Ya so ni na fara gwaji a alt.test, zauren da aka ware don gwada saƙo, na tura "gwaji" kawai sannan na buɗe bayanan da ke saman saƙon, wallahi sai ga lambar IP ɗina, wato adireshina a intanet, zaune daram a layin NNTP-Posting-Host. Ashe kamfanin layina kaɗai na ɓoye wa abin da na rubuta, ita saba ta san daga inda na fito kuma ta manna wa duniya.

Sai na koma Tor, tsarin da ke bi da saƙonka ta wasu na'urori don ɓoye inda ka fito. Na kunna burauzarsa, na shiga saitin Thunderbird na sa proksi na SOCKS a 127.0.0.1 lamba 9150, na kunna wajen da ke tura tambayar DNS ta cikin proksin, don in ka manta wannan kamfanin layinka zai ci gaba da ganin sunan sabar da kake nema. Nan ma na sha wuya, haɗin ya yi ta katsewa ga data na ƙonewa, daga baya na gane tsarin asali na mafitar Tor, wato na'urar ƙarshe da saƙo ke fita ta cikinta, yana toshe 119 da 563 saboda masu cika zauruka da shara. Da na samu sabar da ke karɓa ta 443 sai abu ya miƙe, a hankali dai kamar tafiyar hawainiya, amma tunda rubutu ne zalla ba damuwa.

Babbar kwafsawata kuwa ba ta na'ura ba ce. Asusun da nake shiga da shi da imel ɗina na gaskiya na buɗe shi, mai ɗauke da sunana har da na mahaifina, kai ka ji wauta. Dole na watsar na buɗe sabo ta cikin Tor tun daga farko. Ga layin kwanan wata yana nuna +0100, agogonmu ke nan, ga User-Agent yana tallan irin manhajata, ga kuma bayanan sabar da zan liƙa cike da sunan kamfaninmu, sai da na bi layi-layi ina gogewa. Kuma a can in ka tura ka tura, saƙon na bazuwa daga saba zuwa saba, da yawansu ba sa ma kula umarnin sokewa.

Ni dai ban yarda da mai saba ɗari bisa ɗari ba ko da ya rantse. Ai an ga anon.penet.fi ta Finland, sabar da ke ɓoye sunan mai aika saƙo, da cocin Scientology ya kai ƙara a 1995 'yan sanda suka sa mai ita, Johan Helsingius, ya bada bayanin mutum ɗaya, a 1996 ya rufe ta gaba ɗaya.

Na tura tambayata a wani zauren comp, wato na harkar kwamfuta, bayan kwana biyu wani ya ba ni amsa da ɗan faɗa-faɗa wai me ya sa ban karanta takardun manhajar ba tukun, amma maganin da ya faɗa ya yi aiki, ranar Litinin na toshe ɓarakar kafin oga ya shigo ofis.