Zaren da Goggo ta ƙona

Ni maɗinki ne, haifaffen cikin garin Bauchi, kuma a zauren gidanmu na koyi riƙon allura a hannun mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da keke nake cin abinci yanzu kamar sauran teloli, amma ban taɓa sakin ɗinkin hannu ba. Bayan rasuwar Baba na ga zauren ya mutu, sai na ce wa yaran gida da na unguwa duk mai so ya zo ya zauna bayan makaranta. Wannan bai ba ni wahala ba. Yara suna da ido, wanda ya daure da hula sai ya wuce cin wuya, daga nan a fara ba shi gefen aljihu. Abin da ya kusa rushe mana komai zare ne, kuma har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Wani Alhaji ne da za a naɗa shi sarauta a ƙauyensu ya zo da rigar kakansa a cikin jaka. Saƙi ce, baƙa mai ɗigo-ɗigon fari, aikinta aska takwas, tambari gaba da baya, an yi mata shafi ja a ƙasa. Rigar ta girmi duk wanda ke zauren, amma aikin yana nan daram, sai ma wani sheƙi mai sanyi da ya ƙara. Ya ce irinta yake so, aikin da zaren tsamiya zalla, wato silikin daji, kuma bai yi ciniki ba. Saƙi muka samo ta hannun wani a Kano, wani dattijo da ya yi zamani da Baba ya zana mana aikin, duk wannan ya tafi daidai. Zaren kuwa na saya a wurin wani ɗan kasuwa da aka nuna mini, wanda ya rantse mini da Allah cewa tsamiya ce ta asali, ya ce ma ajiyar mahaifinsa ce. Launin ya yi, ƙasa-ƙasa mai haske, kaɗin hannu ne babu shakka, tsadar ma ta tsamiya ce. Na biya.

Watanni muka kwashe a kanta. Aljihu ya cika, askaken sun fito, muna cikin tambarin baya, sai Goggo, yayar Baba, ta zo biki daga Darazo. Za ta shiga cikin gida ta tsaya a zaure muka gaisa, ta sa hannu ta shafa aikin, ta ƙara shafawa. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka wannan tsamiya ce?" Na ce, "Goggo, da kuɗina na saya, mutumin har rantsuwa ya yi." Ta ce a ba ta ashana. Ta tsinko ɗan zare ta kunna masa wuta, ya ci sarai, ya bar farar toka mai laushi, warinsa na ƙonanniyar takarda. Sai ta nemi wani ɗan sili da ya zazzago daga rigar kakan Alhaji ta kunna. Wannan da ƙyar ya kama, ya nannaɗe, ya yi ƙaurin gashi, ya bar ɗan baƙin dunƙule da ta murtsuke da yatsa ya zama gari. Ta ce, "Taka auduga ce aka rina. Mai kaɗin ta iya, amma auduga ce."

Ashana ɗaya. Abin da zai tsirar da aikin watanni ke nan, kuma babu wanda ya san shi a cikinmu, har dattijon da ya yi zanen, domin bai taɓa cin karo da audugar da aka sayar da sunan tsamiya ba, balle ya nemi hanyar gane ta. Baba ma bai taɓa nuna mini ba. Shi daga cikin gida ake miƙo masa zare, ya san hannun da ya kaɗa shi.

Na je na faɗa wa Alhaji gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, a warware." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta isa ranar naɗi ba." Ya ce ya ji, zai sa ta kakansa. Wanda bai taɓa warware ɗinkin hannu a kan saƙi ba bai san abin da nake faɗa ba. Kowane sili da yaran nan suka sa da hannunsu su suka cire shi, a hankali don kada saƙar ta yage, kuma duk da haka wasu wuraren sun yi rauni sai da muka sake ƙyalle. Wani yaro da ya fi kowa ƙwazo ya yi kuka, ya daina zuwa na wani lokaci. Ɗan kasuwar kuwa da na koma ya ce shi ma haka aka sayar masa, ko kwabo bai mayar ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ranar da yaran nan suka zauna suna tsinke aikinsu ba.

Abin mamakin yana gaba. Da na koma ina ƙorafi cewa tsamiya ta ƙare a duniya, Goggo ta ce in na samo mata gidajen tsutsar da ke saƙa tsamiyar za ta yi mini zare. Ashe tun tana budurwa ita da kakarmu suke dafawa suna kaɗawa, kuma yawancin rigunan da Baba ya yi suna da su zarenta ne a jiki. Shekara da shekaru tana zaune da wannan ilimin, muna zuwa gaishe ta da Sallah, babu wanda ya taɓa tambayarta. Mu maza mun ɗauka sana'ar a zaure take, a bakin allura. Rabinta a cikin gida take, a kan mazari, kuma wannan rabin ne ya fara mutuwa ba mu lura ba, tun da zaren kanti ya cika kasuwa.

Ga wanda bai sani ba, tsamiya silikinmu ne na daji. Wata tsutsa ce da ke cin ganyen itace, in ta ƙoshi sai su taru da yawa su saƙa gidajensu a manne da juna. Akwai wadda ke kan itacen tsamiya, daga nan sunan ya samo asali, akwai kuma tsamiyar doka, wadda ke kan itacen doka. Ƙasar Bauchi tana cikin wuraren da aka san su da ita tun da can, fatake na ɗauka zuwa Kano da Zariya da Bida da Ilori. Yarbawa suna kiranta sanyan, suna saƙa tufafin manya da ita. Jan silikin da ke shafin tsofaffin riguna da barage, wato alharini, shi a da ta Sahara yake zuwa daga Tarabulus. Tsamiya kuwa tamu ce, daga dajinmu, ba a taɓa jiran ayari saboda ita ba.

Neman gidajen ya fi komai cin rai. A kasuwa ba ka samu. Sai da na bi mafarauta da masu ɗiban zuma da Fulani makiyaya ta wajen Ningi da Toro, gefen dajin Lame-Burra, inda doka ta rage. Tsofaffinsu sun gane abin da nake nufi nan take, samarin kuwa suna gani a jikin itace ba su san kuɗi ba ne. Wani dattijo ya nuna mini fili fetal ya ce nan duk doka ce a da. Gawayi ya cinye ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma gawayi, kowa yana ganin buhunan da ake jerawa a bakin titi. Ban ga laifin talaka mai neman abin dafa tuwo ba, amma itacen da aka sare tsutsar ba ta da wurin zama, kuma ba a yin wannan zaren a masana'anta.

Goggo ta kafa mini sharaɗi ɗaya kan ɗiba, shi nake so duk mai sha'awar wannan aiki ya riƙe. Kada a ɓamɓaro gidan sai tsutsar ta yi fiffike ta fita. Silikin ƙasar Sin warware shi ake yi sili ɗaya dogo, don haka ake kashe tsutsar a ciki kafin ta huda gidan. Namu kaɗa shi ake yi kamar auduga, hudar ba ta rage shi da komai. In aka bari ta tashi za ta yi ƙwai, baɗi a sake samu. Masu ɗiban da suka ji akwai kuɗi sun so su kwashe komai ɗanye, sai da na ce wanda ya kawo mini mai tsutsa a ciki ba zan saya ba.

Dafuwar a cikin gida aka yi. Ruwan toka ta tace, ta zuba gidajen a tsohuwar tukunya, aka yi ta ba su wuta har danƙon da ya haɗa su ya saki. Nan ne gwanintar take, kuma ba a rubuta ta. In tokar ta yi ƙarfi ko wutar ta wuce kima, zaren ya mutu, yana tsinkewa a hannu. In bai dahu ba ya ƙi buɗuwa. Ita da yatsa take gwadawa. Akwai kuma ƙaiƙayi, domin gashin tsutsar yana maƙale a gidajen, duk wadda za ta taɓa su kafin a dafa ta rufe hannunta. Bayan an wanke an shanya, abin da ya rage ya ba ni tsoro don ƙanƙantarsa. Buhu guda ya koma abin da za ka rungume a ƙirji. A nan na ƙara gane ƙaryar mutumin nan. Yawan zaren da ya sayar mini a lokaci ɗaya, ko Goggo da ƙuruciyarta ba ta tara shi a shekara.

Ta zauna da mazarinta da allinta, 'yata da wata 'yar ƙanina suka zauna kusa da ita. Farko wasa suka ɗauke shi, zarensu ya fito wani wuri kauri wani wuri siriri, ta ce su ajiye shi, na hula ne. Ban yarda a yi wannan aikin don zumunci kawai ba. Na yanka wa Goggo kuɗin kowane mazari, na yanka wa 'yan matan nasu, na sa shi cikin kuɗin riga. Ta ƙi karɓa da farko, ta ce, "Ɗan ƙanina zan sayar wa zare?" Na ce, "Goggo, in ba ki karɓa ba yaran nan za su ɗauka aikin banza ne." Ta karɓa. A ganina abin da ya kashe kaɗi ke nan tun farko, ana yaba mai ɗinki ana ba shi tukwici, ita mai zaren ko sunanta ba a ji. Matan Zariya sun daɗe da shiga ɗinkin manyan riguna suna samun na kansu, shi ya sa ɗinkin hannu bai mutu a can ba. Babu yarinyar da za ta zauna da mazari yau in sayar da awara ya fi shi kawo kuɗi.

Tun da labarin ya bazu wasu sun zo da kyamara, suna so Goggo ta riƙe mazari a ɗauki hoto, a ce ana raya al'ada. Na tambaye su ko za su sayi hula ɗaya, suka ce za su dawo. Ba na hana kowa hoto, amma abin da zauren nan yake bukata mai saye ne da zai jira, ya kuma biya kuɗin jiran.

Alhaji ya jira. Da rigar ta dawo daga bugu na kai masa, ya shimfiɗa ta kusa da ta kakansa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a tsinko sili a ƙona a gabansa. Na yi murna da ya nemi hakan. Da ita ya yi hawan Babbar Sallah, kuma daga nan mutum biyu suka aiko suna son irinta. Na ce musu ɗaya kawai zan karɓa bana, don zaren da ke hannunmu bai kai na biyu ba, idon Goggo kuma ya fara rauni, da hantsi kawai take kaɗi. Yanzu akwai ashana a cikin gwangwanin allurai, duk zaren da ya shigo zauren yaran ne da kansu suke ƙona bakinsa kafin ya taɓa ƙyalle. Wani mai ɗiban zuma na Ningi ya aiko cewa ya ga gidaje a wasu itatuwan doka ya sa musu alama, na aika masa da rabin kuɗi don ya roƙi mai gonar kada a sare su kafin kaka.