Tsawar Rudić kawai maigidana ya kwafa

Ƙarshen wannan wata zan ajiye aikin mataimakin koci a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ruwa (water polo, wasan jefa ƙwallo a raga da hannu cikin ruwa) ta matasa a yankin Liguriya na Italiya. Ba gajiya na yi ba, yaran ma ba su yi mini komai ba. Babban kocinmu ne sila.

Mutumin nan ba ya buɗe baki sau biyu bai ambaci shahararren kocin ƙwallon ruwa Ratko Rudić ba. Wannan kam ba laifi ba ne. Wanda ya ci zinaren Olamfik huɗu da ƙasashe uku, Yugoslabiya a 1984 da 1988, Italiya a 1992, sai Kuroshiya a 2012, ai ya isa a yi koyi da shi. An san Rudić da zafin rai da atisaye mai fitar da hayyaci, to nan maigidana ya tsaya da karatunsa.

Akwai wani yaro bahago da maigidana ya ce a sallama, wai ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Duk wanda ya san wasan ya san darajar bahago a gefen dama, don haka na roƙa a bar mini shi. Bayan kowa ya watse mu kan tsaya, ina gyara masa bugun ƙafa da harbi. Ranar da aka kira yaron gwajin zaɓaɓɓun yanki, sai ga maigidana gaban iyaye da shugabannin ƙungiya yana cewa tun ranar farko ya hango baiwarsa. Ina tsaye a wurin, ko kallona bai yi ba. Da mako ya zagayo aka mayar da ni kan jera huluna da kwashe ƙwallaye, wai yara sun fara raina tsarinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya tsallake a tarihin gwanin nasa shi ne inda mutanen Rudić suka kai. Perica Bukić yana ɗan shekara 18 ya ci zinare a hannunsa a 1984, kuma shi ne shugaban hukumar wasan ta Kuroshiya lokacin da Rudić ya karɓi horar da ƙungiyar ƙasar a 2005. Sandro Campagna ɗan wasan Rudić ne a Olamfik na Basalona a 1992, daga baya mataimakinsa, kuma shi ya jagoranci Italiya a wasan ƙarshe na Olamfik na Landan a 2012, inda Kuroshiya ta yi nasara da ci 8 da 6. Ko rigimar Olamfik na Sidni a 2000, lokacin yana kocin Italiya, bayan Hangari ta fitar da Italiya, wadda ta jawo wa Rudić dakatarwar shekara guda, da alƙalan wasa da abokan hamayya ya yi ta. Namu kuwa in an ci mu, a gaban yara yake nemo wanda zai ɗora wa, kuma galibi ni ne mafi kusa.

Sauran darussan ba su da tsawo. Ka riƙa rubuta abin da ka koyar da ranar da ka koyar, ka kuma tura wa shugabanni kwafi. Ƙafa ake fara ginawa kafin hannu. Kada ka tattauna da iyaye ana gama wasan da aka sha kashi.

Wata ƙungiyar ta ɗauke ni, zan riƙe 'yan ƙasa da shekara 14 ni kaɗai. Iyayen bahagon sun riga sun tambayi ranar da za mu fara atisaye, na ce su je su nemi takardar sallama wurin wanda ya hango baiwar tasa.