Kafin wasanka ya shiga kasuwa: abin da na koya game da doka

Mai haɗa wasan kwamfuta shi kaɗai, ko da abokai biyu-uku, yakan ɗauka aikinsa duk a kan allo yake: tsara manhaja, zane, sauti, gyaran kurakurai. Shekarun da na yi a sana'ar nan sun nuna mini cewa abin da ke hana wasa fita, ko ya sa a cire shi bayan ya fita, yawanci tambaya ɗaya ce: kowane abu da ke cikin wasan nan na wane ne, kuma ina shaida?

A wajenmu aiki kan tafi ne bisa amana. Ka kira ƙanin abokinka da ya iya zane, ya zana maka jarumin wasan da gidaje da bishiyoyi, ka tura masa kuɗinsa, ya ce "Allah ya ƙara buɗi, yaya," shi ke nan an gama. To a wurin doka ba a gama ba. Haƙƙin mallaka tun asali na wanda ya ƙirƙiri abu ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta amince an miƙa shi ga wani ba sai a rubuce. Duk ranar da wani kamfani ya so ya ɗauki nauyin sayar da wasanka, takardun nan lauyansa zai fara nema. Na ga wasan da aka kammala tsaf ya tsaya cik, don wanda ya yi kiɗan ya bar gari, lambarsa ba ta shiga, babu mai sa hannu a madadinsa.

Na san mutane na jin nauyin miƙa wa aboki takarda, kada ya ce ba a yarda da shi ba. Ni ban ɗauke ta rashin yarda ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Shafi ɗaya ya isa: abin da aka yi, nawa aka biya, haƙƙin ya koma hannun wa, za a sa sunan mai aikin ko a'a. Tsakanin abokan haɗin gwiwa kuwa abin ya fi zama dole: kason kowa, asusun da sunan wa aka buɗe shi, me zai faru idan wani ya janye. A yi shi tun ba a ga ko sisi ba, lokacin da zukata ke kwance.

Kayan da ake saukewa daga intanet ma haka. An rubuta kyauta, amma kowanne da sharaɗinsa. A cikin lasisin Creative Commons, wato izinin da mai aiki ke ba jama'a su yi amfani da aikinsa kyauta, wani sunan mai aikin kawai yake so ka ambata, wani ya hana kasuwanci da shi, kuma wasan da ke nuna talla kasuwanci ne. Har salon haruffan rubutu lasisi gare shi. Ina da jadawali guda: kowane sauti, kowane hoto, inda na samo shi da sharaɗinsa.

Dokokin wasa su kansu ba mallakar kowa ba ne. Wanda ya ga dama ya mayar da dara wasan waya. Siffa da kamanni ne ake karewa, shi ya sa a 2012 wata kotu a Amurka ta ba masu wasan Tetris gaskiya a kan kamfanin Xio, wanda wasansa Mino ya kwaikwayi nasu kusan kwabo da kwabo. Suna ma sai an bincika tun kafin a saba da shi. A 2017 wasu masu haɗa wasa 'yan ƙalilan suka mayar da sunan wasansu daga Prey for the Gods zuwa Praey for the Gods, saboda kamfanin ZeniMax ya yi wa kalmar Prey rajista, su kuwa ba su da kuɗin shari'a. Hatta jan kuros ɗin da ake sa wa akwatin magani a wasanni, Yarjejeniyar Janeba ta keɓe shi, an sha sa masu wasa su canza masa launi.

Idan yara za su buga wasanka, ka kula ƙwarai da bayanansu, domin manhajar tallar da ka saka tana iya tattarawa ba da saninka ba. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520, kuma miliyan 275 daga ciki tara ce ta keta dokar Amurka mai kare bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13. Najeriya ma ta yi tata dokar kare bayanai a 2023.

Sai haraji, wanda ya fi shafar aljihunmu. Steam, kasuwar intanet da ake sayar da wasannin kwamfuta, na karɓar dala 100 a kan kowane wasa, sannan kashi 30 cikin 100 na ciniki. Wajen rajista za ka cika takardar harajin Amurka, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, za a riƙe wani kashi 30 daga rabonka na abin da aka saya a can. Da wannan lissafin a gabanka ya kamata ka yanka wa wasanka farashi, da shi kuma za ka yi wa abokan aiki alƙawarin kasonsu.