Taswira a shafi na 2, rami a shafi na 17

Daren farko da na jagoranci wasan labari da ake yi da ɗan ludo a zauren gidanmu, a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu, ƙanina ya ce mafaraucin da yake riƙe da shi a labarin zai tura ƙofar gabas. Labarin da na sauko daga intanet yana buɗe a wayata, amma taswirar kogon tana shafi na 2, bayanin ɗakin da ke bayan ƙofar kuma yana can shafi na 17. Na yi ta jan allo sama da ƙasa. Kafin in gano wurin, ɗan baffana ya kishingiɗa a tabarma, autanmu ya fita shan ruwa. Da na samo shi, sakin layi uku ne na Turanci, sai a jimlar ƙarshe marubucin ya ambaci cewa akwai rami a bakin ƙofar. Ni kuwa na riga na ce musu sun shiga lafiya.

Wasan irin su Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya yana bayyana wuri da abin da ke cikinsa, sauran kowa ya riƙe mutum guda a labarin, ya faɗi abin da zai yi. In abin da kasada, a jefa ɗan ludo ya raba gardama. A can da mai fuska 20 aka fi yi, mu mai fuska 6 muke da shi, da shi muka daidaita dokokin. Ba a sa ko sisi, wannan na fara yi wa Baba bayani kafin ya bar mana zauren.

Labarin kansa ba shi da laifi. Da na karanta shi a kwance ya yi mini daɗi ƙwarai. Matsalar ita ce an tsara shi don mai karatu shi kaɗai, ba don wanda yara biyar suka zuba wa ido suna jira ba. Kakarmu in ta ce ga ta nan ga ta nanku, hanya ɗaya take bi har ƙurunƙus. A wannan wasa yaran ne ke zaɓar hanya, don haka ban san shafin da zan buƙata nan da minti ɗaya ba. Har da rubutun da ake kewayewa da layi a shafi don jagora ya karanta a bayyane, ni nauyi ya ƙara mini, domin sai na juya shi zuwa Hausa a kaina kafin in buɗe baki.

Sai na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na sake tsara komai. In na buɗe shi, taswira tana hagu, ɗakunan da ke cikinta suna dama, ba juya shafi. Kowane ɗaki na fara da abin da ido da hanci za su fara cin karo da shi: warin jemage, sanyi, zanen shanu a jikin dutse irin na duwatsun garinmu. Haɗari da jan biro, kuma na zana shi a kan taswirar ma. Ƙarfin dodo da lambar da ake buƙata a doke shi na rubuta a duk ɗakin da zai iya fitowa, ko da sau uku ne. Rubutun manya-manya, saboda da hasken tocila muke wasa.

Amma na wuce gona da iri wajen taƙaitawa. A ɗaki na 6 kalmomi uku kawai na bari: tsohuwa, rijiya, makulli. Autanmu ya dube ni ya ce, "Yaya, me ya zaunar da ita nan ita kaɗai?" Amsar tana cikin dogon bayanin da na yar, kuma ta ɓace mini. Abin ya dame ni, don tambayar nan ta fi kowane faɗa da muka yi a daren muhimmanci. Tun daga nan duk mutumin da ke labarin sai na ba shi layi biyu: abin da yake so, da abin da yake tsoro.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya suka koma wurin tsohuwar. Na ce musu ɗanta ne ya sauka rijiyar tun kaka bai fito ba. Ɗan baffana ya tashi zaune, ya tambaya ko igiyar gugar za ta iya ɗaukar mutum.