Motar Gidan Alhaji da Ranar da Na Tura Ɗan Yayata Ƙarƙashinta

A ƙarshen wannan wata zan ɗauki akwatin kayan aikina in bar garajin da na yi shekara 13 a cikinsa a Birnin Kebbi, kuma tun da maganar tafiyata ta fita, yaran da ke koyon aiki suke tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai. Manyan motoci sun bi ta hannuna ba adadi, daga DAF da MAN masu ɗaukar shinkafa har zuwa dogayen motocin fasinja da ke bin hanyar Yawuri da Kwantagora, amma idan na rufe ido mota ɗaya nake gani, wato motar gida ta wani Alhaji da aka kawo mana a ƙarshen watan Fabrairu na 2020.

Mota ce da aka sayo daga Amurka aka shigo da ita ta Kwatano, tsawonta ya kai mita 12, injinta Cummins ne a can baya, a cikinta kuma akwai ɗakin kwana da banɗaki da wurin girki da firji. Maimakon sifirin ɗin ƙarfe, a kan balan-balan na roba masu cike da iska take zaune, kamar yadda wasu kawunan tirela suke, sai dai ita tana da wani ƙarin tsari da babu shi a motocin kaya. Idan aka tsaya da ita a wuri mai tudu da kwari, direba yana danna maɓalli daga kujerarsa, ta ƙara iska a wani ɓangare ta rage a wani har ta daidaita kamar daɓen ɗaki. Wannan ba ado ba ne, domin firjin irin waɗannan motoci ba ya aiki yadda ya kamata idan motar ta karkace, ruwan wanka yana kwanciya a gefe ɗaya, ƙofofi kuma suna cijewa. Alhaji yana so ya kai baƙinsa bikin kamun kifi na Argungu da za a yi a tsakiyar Maris, bayan shekarun da aka yi ba a gudanar da shi ba, kuma yana so su kwana a cikinta. Ƙorafin direbansa ɗaya ne: idan ya daidaita ta da dare, kafin asuba sai ya tarar ta durƙusa a bayanta na hagu.

Oga, wato maigidana a garajin, ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa ta bayan taya, ya ga robar balan-balan ɗin ta yi 'yan tsage-tsage irin na tsufa, nan take ya ce shi ne ya huje, a nemo sabo. Ina tsaye a gefensa, kuma a raina na san hukuncin ya zo da wuri. Tsagewar da rana take yi wa fatar roba ta waje ba lallai ba ne ta kai ciki, kuma tsakanin tankin iska da wannan balan-balan akwai wurare da yawa da iska za ta iya sulalewa. Na buɗe baki zan ce a ba ni dare ɗaya in gwada, sai na ga Alhaji yana tsaye yana gyaɗa kai, na tuna cewa Oga ba ya son a gyara masa magana a gaban mai mota, na haɗiye abin da zan faɗa. An saba gaya mana tun muna yara cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma da wannan na lallashi kaina, alhali a ranar ba ladabi ne ya rufe mini baki ba, tsoron ɓacin ransa ne.

Ba a samu irin balan-balan ɗin a Sakkwato ba, ba a samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ba, sai daga Ladipo a Legas aka turo shi bayan fiye da mako guda, da kuɗin da ya sa Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya biya. Muka ɗaura shi da yamma, motar ta tashi tsaf, kowa ya tafi gida da murna. Da safe na riga kowa zuwa, na same ta a durƙushe a daidai inda take durƙusawa, ga shi saura kwana uku a fara biki.

Oga ya iso ransa a ɓace, wayar Alhaji tana shigowa bi da bi. Ramin da muke shiga don aiki a ƙarƙashin mota ɗaya ne, kuma a kansa akwai kan tirela da aka sauke wa giyabos, ba a iya motsa shi. Turakun ƙarfen da muke tokare shasi da su guda biyu suna ƙarƙashin wata mota, sauran biyun an ara ba a dawo da su ba. Na tayar da injin, iska ta cika har geji ya kai 120, motar ta miƙe a kan tsayinta na tafiya, sai Oga ya dube ni ya ce, "Mi kaka jira? A shiga a duba mahaɗar tiyo." Ni jikina ba ya shiga wannan matsatsin sai da wahala, saboda haka na kira ɗan yayata, yaro mai shekara 17 wanda uwarsa ta ɗauko daga Kalgo ta damƙa mini da hannunta, na ba shi gorar ruwan sabulu na ce ya shiga. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ba za a sa katako ba?" Na ce masa minti biyu ne kawai.

Ga wanda bai san tsarin ba, a kusa da aksul ɗin baya akwai bawul ɗin da ke kula da tsayin mota. An ɗaure shi a jikin shasi, yana da hannu, hannun kuma an haɗa shi da aksul ta wani siririn sandan ƙarfe mai kan roba. Idan mota ta yi ƙasa, sandan yana tura hannun sama, iska ta shiga balan-balan. Idan ta yi sama da yawa, yana jawo hannun ƙasa, iska ta fita. Bawul ɗin ba ya bambance ramin hanya da kafaɗar mutum. Yaron yana jan jiki a kwance sai ya dafa sandan, robar kansa da rana ta riga ta cinye ta fita, hannun bawul ya yi ƙasa, sai kawai muka ji huci mai ƙarfi, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi motar da nauyinta ya haura tan goma ta sauko a kansa. Bai yi ihu ba, numfashinsa kawai na ji yana fita da ƙyar. Na kwanta ta gefen taya da ƙarfen cire taya a hannuna, na lalubo hannun bawul ɗin na tura shi sama na riƙe, kuma da yake tankuna a cike suke, balan-balan ya sake ɗaukar iska, motar ta ɗaga, aka jawo shi ta ƙafa. Ƙashin wuyansa na dama ya karye. Da a ce ya ƙara matsawa ciki da taki ɗaya, ƙirjinsa ne zai kasance a wurin.

A asibiti mutane suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma na yarda da ƙaddara, amma yaron ya tambaye ni katako da bakinsa, ni ne na hana. Wannan nawa ne, ban taɓa neman wanda zan ɗora wa ba. Abin da har yau bai bar ni ba shi ne abin da ya biyo baya. Da Alhaji ya zo garaji da yamma, ina jin Oga yana ɗora mini laifin, yana ce masa, "Ranka ya daɗe, yaron nan ne ya ce balan-balan ne, ni kuma na amince da shi, ga shi garin gaggawa har ya raunata ɗan mutane." Shekara takwas ke nan a lokacin ina yi masa aiki, ban taɓa ɓoye masa ko kwabo ba. Bai leƙa asibiti ba, kuɗin magani kuma daga aljihuna ya fita.

A daren nan na dawo garaji ni kaɗai bayan sallar isha'i. Na aro turaku huɗu daga maƙwabcinmu, na tokare shasi, na datse tayoyi da katako, sannan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na zauna da takarda na zana hanyar iskar. Daga kwamfireso tana bi ta draya mai tsotse damshin iska, ta shiga tankuna, kuma ba ta zuwa wajen balan-balan sai ta wuce wani bawul na kariya wanda ba ya buɗewa sai iska ta haura 60 da wani abu a geji, domin birki ne ke da haƙƙin farko a kan iskar mota. Daga nan sai bawul ɗin tsayi, sannan wani dunƙulen alminiyam mai ɗauke da bawul shida na lantarki, uku na hagu uku na dama: ɗaya na tafiya, ɗaya na ɗagawa, ɗaya na saukewa. Da na kalli zanen sai abin ya fito fili. Lokacin da aka daidaita motar a tsaye, bawul ɗin tafiya yana rufewa, ya raba bawul ɗin tsayi da balan-balan gaba ɗaya. Tun da kuwa a wannan yanayi take durƙusawa, kuma a kusurwa ɗaya tak, to ɓarnar tana tsakanin dunƙulen nan da balan-balan, ba ta wuce nan ba. Balan-balan sabo ne, saura tiyo, da mahaɗarsa, da bawul ɗin da ke kan dunƙulen.

Na kashe injin, na jira gari ya yi tsit, na auna tsayin kowace kusurwa da tef na rubuta da alli a jikin taya. Na bi tiyon da ruwan sabulu taki bayan taki, ban ga kumfa ba. Da na zo ƙaramar kafar da iska ke fita daga dunƙulen, na shafa sabulu da yatsa na haska da tocila, sai ga wata ƙwayar kumfa tana tasowa a hankali, ta kumbura kamar ƙwayar gero, ta fashe, wata ta biyo ta. Da rana, cikin ƙarar janareto da bugun guduma, babu kunnen da zai ji wannan yoyo, amma a cikin awa takwas ya isa ya zubar da iskar kusurwa guda. Na sauke iskar, na kwance bawul ɗin saukewa na hagu, na tarar da ɓarɓashin tsatsa ya maƙale a bakin da yake rufewa, zoben robarsa kuma ya bushe ya yi tauri. Na wanke shi, na sa sabon zobe daga cikin kwalin da muke da shi a kan shiryayye tun da daɗewa, wanda kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba.

Ban tsaya nan ba, domin tsatsa ba ta zuwa daga sama. Na ja igiyar zubar da ruwa ta tankin farko, sai ruwa ja mai haɗe da mai ya tsiyayo har ya jiƙa mini hannun riga. Drayar ta daɗe da mutuwa, ba ta ƙara tsotse damshi ba, kuma direban, wanda ya saba da ƙananan motoci, bai ma san ana zubar da ruwan tanki ba. Da an canza bawul ɗin kaɗai, wata tsatsar za ta sake toshe wani kafin damina ta wuce. Da safe awon allina bai motsa ba a kusurwa huɗun. Muka canza kan drayar, muka sa sabon sanda a bawul ɗin tsayi, na kuma auna tsayin tafiya da kyau, saboda idan ya kauce yana karkatar da firofela, sandan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi, har ya ci kuros ɗin da ke mahaɗarsa. Alhaji ya je Argungu, baƙinsa suka kwana kusa da Matan Fada, kogin da ake kamun kifin, kuma Oga ne ya karɓi godiya da tukuici. Tsohon balan-balan ɗin na hura masa iska daga baya na tsoma shi a baho, bai fitar da kumfa ko ɗaya ba. Ban nuna wa kowa ba sai direban.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Idan mota ta ƙi tashi gaba ɗaya, a fara duba geji kafin a taɓa komai, domin mai yiwuwa iskar ce ba ta kai ta buɗe bawul ɗin kariya ba. Idan maɓalli bai amsa ba, a kira mai rewaya ya bi fiyus da wayar ƙasa, kada a yi saurin zargin kwamfutar motar. A tambayi direba da kyau a wane yanayi ya bar motar da dare, domin amsarsa tana rage rabin aiki. Wanda kuma yake da yara a ƙarƙashinsa, idan aiki ya ɓaci, ya tsaya a gaban mai mota ya ce ni ne.

Na ci gaba da zama a garajin shekara biyar bayan wannan, saboda iyali da kuma rashin jari, muna gaisawa da Oga kullum safe kamar yadda aka saba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Yanzu na samu fili a bakin hanyar Jega, na kafa rumfa. Kafin in sayi kwamfireso ko in sa a haƙa rami, abin da na fara kai wa mai walda shi ne awon turaku takwas na ƙarfe mai kauri, kuma na tsaya a kansa har ya gama. Ɗan yayata zai bi ni, uwarsa ta amince bayan na je Kalgo sau biyu na roƙe ta. Ya zama gwani a aikin iska, ya fi ni kunnen jin yoyo, sai dai idan sanyin hunturu ya sauko, hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, kuma a irin waɗannan ranaku ni nake karɓar duk aikin da ke buƙatar miƙa hannu.