Yadda muka samu ɗakin wasan kwaikwayo a shekarar da babu kuɗi

Ƙarshen 2023 ne, kowa a Damagaram ya san halin da aka shiga. Bayan juyin mulki, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ta sa wa Nijar takunkumi an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta tun watan Agusta, gwamnati ta rage kasafin kuɗin shekara da kashi 40 cikin ɗari. A wannan lokacin ne ni da 'yan turup ɗinmu na jami'a muka tashi neman a gyara mana wani tsohon sal da aka cika da karyayyun tebura, mu riƙa yin teyatur a ciki.

Kafin nan gindin bedi muke gwaji. In hunturu ya shigo ƙura ta cika maka baki, ka ɗaga murya kabu-kabu ya wuce ya haɗiye maganar, magariba na yi sai a kunna tocin waya mutum biyu su riƙe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan mata, mu goma sha huɗu ne amma mata biyu kawai suka jure, sauran sun ce iyayensu ba za su yarda a gan su suna wasa a bakin hanya samari na tsaye suna kallo ba. Kuma gaskiyarsu.

Zuwan farko buron hukumar jami'a ni na ɓata shi. Na shiga da dogon jawabi kan al'ada da tarihi, mutumin ya saurare ni har na gama sannan ya jawo wata takarda ya ce, ɗana duba nan, ga kuɗin gazuwal na injin wuta, ga abincin resto, ga ruwa, kai ka san ruwan Zinder, wanne zan cire in ba ka? Na ce ranka ya daɗe babu. Na fito raina a ɓace amma wallahi bai zalunce ni ba, ban zo masa da ko lamba ɗaya ba.

Wani dattijo a unguwarmu ta Birni, wanda ya yi wasa a ƙungiyar matasa ta samariya zamanin shugaba Kunce, shi ya gyara mini tunani. Ya ce lokacin da Yazi Dogo ke jagorantar 'yan wasan gidan rediyo a nan garin, mutane na barin shago su zo kallo, don a wasan ake faɗa wa ma'aikaci mai cin hanci abin da ba a iya faɗa masa ido da ido. Ya tuna mini André Salifou ɗan garin nan ne, farfesan tarihi wanda ya shugabanci taron ƙasa na 1991, amma bai raina wasan kwaikwayo ba, da hannunsa ya rubuta wasa kan Sarki Tanimun. Sannan ya ce, kai dai ka je ka roƙi ƙofa da makulli, kar ka roƙi gini. Na ce to Baba.

Haka muka yi. Muka zaga Kasuwar Dole muka tambayi farashin komi muka rubuta, kwan fitila shida, katako na dandamali, kwaɗo, labule baƙi, baturi da fano ɗaya na sola. Shara da fenti muka ce namu ne. Muka kuma rubuta cewa ɗakin ba namu kaɗai ba ne, masu sutnans, wato kare kundin kammala karatu, su yi a ciki, masu muhawara da masu musabaƙa su ma. Wannan layin ne ya buɗe ƙofar, don da aka ga ɗaki ɗaya zai yi aiki huɗu sai aka daina kallonsa a matsayin kuɗin wasa. Rabin abin da muka nema aka ba mu, sauran muka yi karo-karo jikka-jikka, wani tsohon ɗalibi ya kawo lasifika.

Wasanmu na farko kan layin ruwa ne, 'yan garuwa da matan da ke kwana a bakin famfo da jarka. Wata 'yar ajinmu da ko ekspoze, wato bayani a gaban aji, ba ta iya yi sai muryarta ta yi rawa, ita ta fito a uwar gida mai faɗa da ɗan garuwa, ta riƙe ƙugu ta yi masa tatas, ɗakin ya ɗauki shewa, mahaifiyarta na zaune a layi na biyu tana rufe baki da mayafi. Ɗakin ne ya kawo uwar nan, da a gindin bedi ne ko 'yar ba za ta zo ba. Yanzu yarinyar tana koyarwa a wani lakkol wajen Mirriya, aji cike da yara kuma muryarta na kai wa bencin baya.

Kuskure ɗaya da har yau nake jin haushinsa, ba mu ware ko dala ta gyara ba. Baturin ya mutu bayan wata takwas muka yi sati shida muna gwaji da rana cikin zafi kafin mu haɗa na wani. Yanzu duk wasa akwai kwano a bakin ƙofa, mai dala ashirin ya sa, wanda ba ya da ita ya shiga, kuma ma'ajinmu na rubuta komi a kaye.